Tambaya da Amsa: Barbarar Kare, Rabon Kwiyakwiyai da Takardar Asali

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya masu kiwon karnukan farauta da na gadi. Mun taƙaita su ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin kula da wata gona a bayan garin Ɗa'ifa, kuma ina da karen farauta irin saluƙi wanda maigidana ya ba ni kyauta tun yana ƙarami. Wani abokina ɗan garinmu da ke zaune a Jidda ya kawo karyarsa domin barbara, muka yi magana da fatar baki cewa idan ta haihu ni zan fara zaɓen kwikwiyo guda. Ta haifi biyu, ɗaya ya mutu a daren farko. Yanzu ya ce ba zai ba ni wanda ya rage ba, sai dai ya ba ni riyal 1,000 a madadinsa, ni kuwa kwikwiyon nake so. Wa ke da gaskiya a cikinmu, kuma kuɗin ma ya halatta in karɓa?
Mai karatu daga Ɗa'ifa

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwikwiyon da ya rage na abokinka ne, ko da yake na san ba amsar da kake fata ba ke nan. A fiƙihu ɗan dabba uwarsa yake bi wajen mallaka, shi ya sa mai akuya yake kwashe 'ya'yanta ko da bunsurun na maƙwabci ne. Masu kiwon karnuka na ƙasashen Turai ma a kan haka suke. Tarayyar ƙungiyoyin karnuka ta duniya, wato FCI, wadda aka kafa a 1911 kuma ofishinta yake garin Thuin na Beljiyam, ta rubuta a ƙa'idojinta na kiwo cewa mai karen barbara ba shi da wani haƙƙi a kan abin da aka haifa in ban da ladan da aka yanka masa, kuma idan ladan kwikwiyo ne, to wajibi ne a rubuta shi kafin a haɗa karnukan. Saboda haka abin da ke hannunka alkawari ne, ba mallaka ba.

Shi kansa alkawarin sai mun duba irinsa, domin a nan ne maganar halacci take. Buhari ya rawaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun riƙi wannan hani a kan zahirinsa, suna kafa hujja da cewa mai namiji yana sayar da abin da ba ya iya aunawa kuma ba ya iya miƙawa, tunda ba shi da iko a kan ko dabbar za ta hau, balle ko za a sami ciki. Malikiyya, mazhabar da yawancinmu muka tashi a cikinta, ta raba mas'alar gida biyu. Idan an yi hayar namiji a kan sai mace ta ɗauki ciki, wannan haramun ne saboda gararin da ke ciki, wato rashin tabbas. Idan kuwa an yi hayar a kan hawa sananne ko kwanaki sanannu, misali hawa biyu ko kwana uku, an halatta, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil. Ka lura da inda suka ja layin: an yarda a yi ciniki a kan abin da ido zai gani a ƙirga, an hana a yi shi a kan abin da ke cikin mahaifa.

Yarjejeniyarku ta faɗa ɓangaren da aka hana, kuma ta wajen lada ne ta faɗa. Ranar da kuka yi magana babu kwikwiyo a duniya, ba ku san ko za a haifa ba, ba ku san nawa ba, ba ku san namiji ne ko mace ba, ba ku san ko zai rayu ba. Cinikin biri a sama ke nan, kuma mazhabobin huɗu duka sun sharɗanta cewa ladan haya ya zama sananne. Sannan ga mas'ala ta biyu wadda ba ta tasowa a barbarar raƙumi ko doki, wato kuɗin kare shi kansa. Buhari da Muslim sun rawaito hani a kan kuɗin kare daga Abu Mas'ud al-Ansari. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta ce an hana sayar da karnuka, amma an yi saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa, kamar na farauta da na kiwo da na gona. Sahnun, ɗaya daga manyan malaman Malikiyya, ya halatta, Abu Hanifa ma ya halatta, Shafi'i da Ahmad kuwa sun hana. A ƙasar da kake zaune maganar Hambaliyya ce ke da ƙarfi a wajen malamai, kuma alƙalai sun daɗe suna komawa ga littattafanta a inda doka ba ta yi magana ba, don haka ba na ba ka shawarar ka ɗauki wannan magana zuwa kotu da tsammanin za a ƙwato maka kare.

Akwai ƙofar da ta rage a buɗe. Tirmizi ya rawaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutum daga ƙabilar Kilab ya yi tambaya a kan kuɗin barbara aka hana shi, sai ya ce su kan ba da aron namiji sannan a karrama su da wani abu, sai aka yi masa rangwame a kan wannan karramawa. Bambancin shi ne kyautar ba sharaɗi ba ce. Da ma al'adar da aka san Larabawan ƙauye da ita ita ce saluƙi kyautarsa ake yi, ba sayarwa ba, kuma kai ma ta wannan hanya naka ya zo hannunka. Riyal 1,000 da abokinka ya ambata, idan an ba ka shi da sunan fansar kwikwiyon, to ladan nan ne da aka sharɗanta ya canja riga, kuma saɓanin malamai yana nan a kansa. Idan kuwa kun zauna kun warware maganar farko gaba ɗaya, ka yafe, sannan shi don kansa ya ba ka abin da ya ga dama, na kuɗi ko na wani abu, wannan ya shiga cikin karramawar da aka yi rangwame a kanta. Ka kai wa malamin da kake karatu a wurinsa maganar yadda take domin zuciyarka ta natsu.

A ganina abokinka bai yi zalunci ba da ya riƙe kwikwiyon. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, bayan haihuwa kuma akwai mako takwas na shayarwa da yaye da maganin tsutsa da allurar rigakafi ta farko, kuma duk wannan ɗawainiya a kansa take. Mutumin da ya yi wata huɗu yana hidima ya tashi hannu wofi, kai da karenka ya yi aikin kwana biyu ka tafi da komai, wannan ba rabon da kai ma za ka yarda da shi ba ne da a ce kai ne mai karyar. Sai dai shi ma bai kamata ya ɗauka mutuwar kwikwiyo ta sauke masa nauyi ba, domin alkawari kaya ne. Abin da masu kiwo suka saba yi a irin wannan hali shi ne a sake barbarar a wani zagayen neman namiji, idan karyar ta huta ta murmure, a ba mai namiji zaɓinsa a haihuwar da za ta biyo baya.

Idan za ku sake, ku rubuta, ko da kuwa a kan kyauta kuka tsaya. Ƙa'idojin FCI da na ambata sun lissafa abubuwan da rigima ta saba ɓullowa ta cikinsu, kuma ɗaya daga cikinsu ya same ku: ranar da mai namiji zai yi zaɓi, ranar da zai ɗauki kwikwiyon, ranar da haƙƙinsa zai faɗi idan bai zo ba, wanda zai biya kuɗin mota, da abin da za a yi idan karyar ba ta ɗauki ciki ba, ko 'ya'yan suka zo a mace, ko guda ɗaya tak ya rayu, ko wanda aka zaɓa ya mutu kafin a miƙa shi. Ni zan ƙara cewa kada a yi zaɓi kafin mako shida, domin kwikwiyon kwana uku ba ya nuna ƙirarsa, kuma kada a raba shi da uwarsa kafin mako takwas. A rubuta hawa nawa za a yi. Abin da aka saba shi ne sau biyu, da tazarar kwana ɗaya ko biyu. A rubuta kuma wanda zai ɗauki asara idan karyar ta tsere ko ta ji rauni a gonarka, tunda a al'ada mace ake kai wa namiji, kuma amana ce a hannunka muddin tana wurinka.

Kada ku manta da likitan dabbobi. Akwai nau'in cutar bakkale da ke kama karnuka, tana sa ɓari ga mace da rashin haihuwa ga namiji, tana yaɗuwa ta barbara, tana kuma iya kama mutum, kuma gwajin jini ne ke nuna ta. Akwai kuma wani ƙari mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurar kare, shi ma ta barbara ake ɗaukarsa, kuma ya fi yawa a inda karnuka ke yawo sakaka. Mai namiji ya fi kowa bukatar wannan bincike, domin karya guda mai ciwo tana iya lalata masa kare har abada. Game da lokaci kuwa, yawancin barbarar da ba ta kama ba kuskuren rana ne, ba laifin namiji ba. Karya tana ɗigar jini kimanin kwana tara kafin ta yarda da namiji, amma wannan lissafi yana bambanta ƙwarai daga wata zuwa wata, kuma gwajin jinin da ke auna sinadarin furojestaron ya fi ƙidayar yatsu tabbas.

Ba sai kun nemi lauya ba. Dokar kafa hujja ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a 2022, ta karɓi saƙonnin waya da makamantansu a matsayin hujja, saboda haka takarda guda da kuka sa wa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya ɗauki hotonta ya aika wa ɗan'uwansa ta WhatsApp, ta wadatar.

Tambaya: Malam, ina da rumbun ajiyar kaya a kudancin Jidda, sai na sa aka kawo mini karen gadi irin na Jamus daga Amurka da cikakkun takardu. Bayan shekara biyu wani ya nemi ya kawo karyarsa, amma da ya duba takardar sai ya ce 'ya'yan karena ba za su sami rajista ba, ya fasa. Yaya za a yi kare mai takarda ya haifi marasa takarda? An cuce ni ne?
Wani ɗan kasuwa daga Jidda

Amsa: Alhaji, mai yiwuwa ne mutumin nan ya karanta takardar daidai. Ƙungiyar karnuka ta Amurka, AKC, wadda aka kafa a 1884, tana da rajista iri biyu, cikakkiya da taƙaitacciya. Karen da ke da taƙaitacciya an tabbatar da asalinsa, an rubuta iyayensa, amma duk abin da ya haifa ƙungiyar ba za ta yi masa rajista ba. Wanda ya mallaki uwar lokacin haihuwa shi ke zaɓar wannan sharaɗi, kuma shi kaɗai ke da ikon neman a mayar da rajistar cikakkiya. Kennel Club na Ingila, wanda ya girme ta tunda a 1873 aka kafa shi, yana da makamancin wannan: mai kiwo yana iya ɗora sharaɗin cewa ba za a yi wa zuriyar kare rajista ba, ko kuma ba za a ba shi takardar asali ta fita waje ba. Sai dai a can an wajabta masa ya sanar da mai saye a rubuce, mai saye ya sa hannu, kafin kare ya bar hannunsa.

Ko an cuce ka ko ba a cuce ka ba ya danganta da abin da ka nema da abin da aka gaya maka. Idan karen gadi ka ce a kawo maka, an kawo, kuma sau da yawa kwikwiyo mai taƙaitacciyar rajista ya fi araha. Idan kuwa ka faɗa wa dillalin cewa iri kake so ka yaɗa, ya karɓi kuɗin cikakkiyar rajista ya kawo maka taƙaitacciya, to shi za ka riƙe, ba ƙungiyar ba. Ka koma kan saƙonnin da kuka yi musaya da shi.

Masu kiwo ba don mugunta kawai suke ɗora wannan sharaɗi ba, ko da yake tsoron kishiya a kasuwa yana ciki, kuma ba na jin akwai mai musun haka. Babban dalilin da ake iya karewa shi ne lafiya. Irin karenka ya yi suna wajen ciwon ƙugu na gado, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa, kuma ba a iya yanke hukunci a kan wannan ga kwikwiyon wata biyu. A Ingila sai kare ya cika shekara guda ake ɗaukar hoton ƙashin a ba shi maki, a Amurka kuwa hukumar da aka fi sani ba ta ba da shaidar ƙarshe sai ya cika wata 24. Naka ya kai. Ka kai shi asibitin dabbobi a ɗauki hoton ƙugu da na gwiwar ƙafafun gaba, ka aika wa wanda aka haife shi a hannunsa sakamakon tare da roƙon ya ɗage sharaɗin. Wasu suna ɗagewa idan sakamako ya yi kyau, wasu suna neman cikon kuɗi, wasu kuma ba sa ɗagewa ko da me za a ba su, kuma ƙungiyar ba ta tilasta musu.

Wani abu da nake yawan gani a wasiƙu shi ne haɗa takardu uku a kira su da suna ɗaya. Littafin rigakafi daban yake, shi ne ke nuna allurar haukan kare da sauransu. Izinin shigowa da Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma take bayarwa, tare da shaidar lafiyar da ta rako karen, su ma daban suke, kuma aikinsu ya ƙare a filin jirgi. Takardar asali ita ce ta uku, ita kaɗai ke magana a kan iyaye da kakanni. Abin da ke ɗaure kowace daga cikinsu da karen da ke gabanka shi ne lambar 'yar ƙwayar shaidar da ake sakawa a ƙarƙashin fatar wuya, wadda a tsarin ƙasa da ƙasa lambobi 15 ce. Duk wanda zai sayi kare ko zai kai karyarsa barbara, ya sa likita ya ɗora na'ura ya karanta lambar a gabansa, ya gwada ta da wadda ke jikin takarda. Takardar da lambarta ba ta dace ba ta wani kare ce.

Tambaya: Karyata saluƙi ce mai geza a kunne da wutsiya, namijin da na kai ta wurinsa shi ma mai geza ne. Ta haifi shida, biyu daga ciki sun girma sumul babu geza ko kaɗan. Mai namijin ya ƙi sa hannu a takardar shaidar barbara, ya ce ba 'ya'yan karensa ba ne. Wasu kuma suna ce mini karyar ta lalace ke nan, ba za ta ƙara haifar tsantsar iri ba.
Mai karatu daga Madina

Amsa: Malam, mai namijin yana da hujja a kan biyun nan, amma ba shi da ita a kan sauran huɗun. Saluƙi iri biyu ne ta wajen gashi, mai geza da mai sumul, kuma gadon gashin sumul shi ke rinjaye. Ma'anar wannan ita ce iyaye biyu masu sumul suna iya haifar mai geza idan kowannensu yana ɗauke da gadon a ɓoye, amma iyaye biyu masu geza ba sa haifar mai sumul. Sai dai ka tabbata sun girma sosai kafin ka yanke, domin geza ba ta cika fitowa da wuri, kuma akwai masu geza da tasu ba ta da yawa.

Haihuwa guda tana iya zama da uba fiye da ɗaya. Karya tana sakin ƙwayaye da yawa a zagaye guda, maniyyin kare kuma yana iya rayuwa a jikinta har kusan mako guda, saboda haka idan wani kare ya same ta kwana biyu kafin barbarar da ka shirya ko kwana uku bayanta, sai a raba 'ya'yan tsakanin iyaye maza biyu. Shi ya sa ake tsare karya tsawon zagayen gaba ɗaya, kimanin mako uku, ba ranar barbara kaɗai ba, kuma a wurin da aka rufe sama da ƙasa, domin katangar da ta kai ƙirjin mutum ba ta hana saluƙi tsallakewa. Ka tambayi kanka a hannun wa take a waɗannan kwanaki. Idan ta kwana a wurin mai namijin kuma yana da wasu karnuka, to tambayar ta koma kansa.

Maganar cewa ta lalace kuwa camfi ne. Barbarar da ta wuce ba ta barin komai a jinin uwa da zai shafi haihuwar gaba, kuma idan aka tsare ta da kyau a zagaye mai zuwa za ta haifi tsantsar saluƙi.

Abin da zai raba gardama shi ne gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, wanda ake yi da ɗan auduga da ake gogawa a cikin kumatu. Ana ɗaukar na uwa, da na namijin, da na kwiyakwiyan shida duka, ba na biyun da ake zargi kaɗai ba, domin kwikwiyo yana iya yin geza kuma ya kasance na wani uban ne. AKC tana yi wa haihuwa mai uba biyu rajista idan gwaji ya nuna uban kowane ɗaya, kuma tana wajabta gwajin ga namijin da aka sami haihuwa bakwai ko fiye daga barbararsa a rayuwarsa ko fiye da uku a shekara guda. Kafin ka kashe kuɗi, ka tuntuɓi wurin da kake niyyar yin rajistar, ko cibiyar saluƙi ta Abu Dhabi ce ko wata, ka ji ɗakin gwajin da suke karɓar sakamakonsa, kuma ka sa likita ya ɗauki samfurin ya rubuta lambar ƙwayar shaidar kowane kwikwiyo a jikinsa. Kuɗin gwajin kai za ka fara biya, tunda kai ne mai neman sa hannu, amma ku rubuta tun yanzu cewa idan sakamako ya nuna duka shidan na karensa ne, ko kuma ya nuna wani karen gidansa ne uban biyun, zai mayar maka da abin da ka kashe kuma ya sa hannu a kan waɗanda aka tabbatar.